Zamanin Farautar Sabis

A shekarar 2008 na mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka ta farko. Ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, na saye ta a Kano da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Nauyi gare ta, batirinta ba ya kai awa guda, Windows XP ce a kanta. Duk da haka ranar da na ɗora ta a cinya, farin cikina ba ya misaltuwa.

Kafin lokacin, intanet wuri ne da ake takawa a je. Sai ka shiga kafe, ka biya kuɗin awa, a miƙo maka 'yar takarda mai lamba, ka zauna jiran kujera tsakanin masu duba sakamakon WAEC da JAMB da masu buɗe akwatin Yahoo. Galibin shagunan da faranti suke janyo sabis daga tauraron ɗan'adam, ga janareta na ruri a bakin ƙofa. Wayar GSM ma a 2001 ta shigo Najeriya. Saboda haka da aka ce akwai Wi-Fi, intanet mai zuwa ta iska ba igiya, abin ya yi mana kama da almara.

A ɗakin karatun makarantarmu aka fara kafa shi. Bayan La'asar za ka ga ɗalibai sun yi layi a jikin bango da gindin darbejiya, kowa ya tanƙwashe ƙafa, yana matsawa taku ɗaya ko biyu don sabis ya ƙaru. Ni ma na bi sahu, amma tawa kwamfutar ba ta ga komai ba. Kwana uku ina zuwa ina komawa, na kusa da ni suna ta aiki. A rana ta huɗu na rungume ta zuwa wurin wani mai gyara da kowa ke kira Injiniya, na riga na saddaƙar cewa an sayar mini da matacciya.

Bai ɗauki sukundireba ba. Ya juya ta a hankali, ya bi gefenta na gaba da ɗan yatsa, ya tsaya kan wani makunni da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ya tura shi. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama. Nan take sunayen sabis biyu suka bayyana a allo.

"Malam, lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Rediyonta ne a kashe. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami."

Na ciro kuɗi, ya girgiza kai. "Na me? Yatsa kawai na sa. Amma zauna in gaya maka abin da zai rage maka zarya. In sabis ya ƙi, fara da abin da ke hannunka, sannan ka yi gaba. Kada ka tsallake tsani."

Tsanin nan na yi shekaru ina hawansa, kuma kowane mataki da irin wahalarsa.

Kwamfutocin wancan zamani yawanci suna da wannan makunni, ko kuma a haɗa Fn da ɗaya daga madannan layin sama. Jaka ma takan ture shi ba ka sani ba. In makunni na kunne amma shiru, sai a duba direba, wato manhajar da ke haɗa katin Wi-Fi da Windows. Ƙwayoyin cuta da filas ke yawo da su sun sa kowa ya saba da goge kwamfuta a sake zuba mata Windows, kuma sau da yawa direban ba ya dawowa. A nan ake shiga tsaka mai wuya: sai da intanet za ka sauke direba, sai da direba za ka samu intanet. Dole ka kwafi lambar kwamfutar a takarda, ka koma kafe da filas a aljihu.

Wani lokaci kuma tana ganin sabis amma ta ƙi shiga. Makullin WEP na lokacin yakan kai harufa da lambobi 26, ana yawo da shi a guntuwar takarda da hannu goma suka kwafa. B ta koma 8, D ta koma 0, mutum ya yi ta bugawa har ya gaji. Da aka gano WEP na fasuwa cikin sauƙi, aka koma WPA, sannan WPA2 daga 2004, sai tsofaffin katuna da dama suka kasa gane sabon makullin. Injiniya ya taɓa buɗe murfin ƙasan tawa ya nuna mini katin: ɗan falle ne da siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, suna bi ta gaɓar murfi su hau bayan allo, inda eriya take. Ya hure ƙurar hunturu, ya danna wayar da ta saki, sabis ya tashi daga sanda ɗaya zuwa huɗu.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa a kusurwar allo. Ka shiga, amma ba ka shiga ba. Alwatikan nan ne ya koya mini buɗe baƙin allo in rubuta ipconfig. In adireshin ya fara da 192.168, galibi rauta, wato na'urar da ke raba sabis ɗin, ta karɓe ka. In ya fara da 169.254, ba wanda ya ba ka adireshi, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta. Ko dai jama'a sun yi wa rautar yawa, ko tana bukatar a kashe ta a kunna. In kuwa duk wannan daidai ne amma shafi bai buɗe ba, matsalar ta wuce bangonmu: kuɗin wata ya ƙare, ko an ɗauke wuta a can inda sabis ke fitowa. A wannan mataki haƙuri ne kaɗai magani, kuma sanin haka yana hana mutum azabtar da kwamfutar da ba ta yi laifi ba.

Daga baya modem mai kama da filas ya zo, a sa masa layin waya. Mukan ƙara masa doguwar igiya mu rataye shi a taga, ido na kan fitilarsa: a yawancinsu kore na nufin tafiyar hawainiya, shuɗi na nufin 3G. Da yawa mun koyi raba dare saboda sabis ya fi gudu in gari ya yi tsit. A 2010 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki ta Legas, abubuwa suka soma sassautawa sannu a hankali, har aka zo yau da wayar aljihu ke raba wa ɗaki guda intanet.

Ba na kewar wahalar. Ta cinye mana lokaci, ta sa wasu sun rasa damar karatu saboda fom bai tafi ba kafin a rufe. Abin da nake jin tsoron ya ɓace shi ne tarbiyyar da ta bar mana, ta bin matsala daki-daki da tambaya kafin yanke hukunci, da kuma irin mutanen da ke koya maka sirrin sana'arsu alhali jahilcinka ne abincinsu.

Kwanakin baya ɗiyar yayata ta kawo mini tata kwamfutar, siririya kamar littafin rubutu, idonta ya ciko. "Kawu, ta lalace, ga shi gobe zan miƙa aikina." Tun daga nesa na hango ɗan hoton jirgin sama a kusurwar allon, alamar an kashe rediyonta. Hannuna ya kusa kaiwa, sai na janye shi, na jawo mata kujera.

"Zauna, 'yata," na ce. "Ke za ki gyara ta. Gaya mini, me kike gani a can ƙasa, ta hannun dama?"