Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Daga Karakara Zuwa Bakin Jirgin Ƙasa

Yau kwana huɗu ke nan jakata tana buɗe a kan tabarma, ina sa kaya ina fitarwa. Duk wanda ya leƙo ɗakin sai ya tambaye ni ko Makka za ni. In ce a'a, jirgin ƙasa zan je in hau. Sai a yi dariya, kuma ban ga laifin masu dariyar ba. Mutumin Karakara da ya ce zai hau jirgin ƙasa, sai ya fara shirin kwana biyu a mota tukuna, domin ya samu zaman awa biyu da 'yan kai a cikin tarago.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layin dogo ya kewaye mu ta kowace kusurwa, amma bai taɓa taka ƙasarmu ta Dallol Mawri ba. Ta kudu, layin da Faransawa suka ɗauko daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, kilomita 438, ya tsaya cik. Daga nan sai manyan motoci su kwashi kaya su bi ta Malanbil su haye gada zuwa Gaya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasarmu da maƙwabciyarmu ta kudu, wadda daga baya aka sani da OCBN, da fatan wata rana ƙarfen zai ƙetare kogin Kwara. Iyayenmu sun tsufa suna jira. Ta arewa maso yamma kuma ga layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya fara a 2014 aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016 zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. An ce zai zarce Gaya ya haɗe da na Paraku. Wanda duk ya bi hanyar Doso ya ga yadda yake: ƙarfe kwance a gefen kwalta, awaki na kiwo a tsakaninsa. Ta gabas, Turawan Ingila sun kai jirgi Kano tun 1912, suka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, nan ma ya tsaya. Sakkwato da Kabi ba su samu ba. Yanzu ana ta aikin na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Allah ya nuna mana, amma ko ya ƙare, Maraɗi ba bayan gidanmu take ba.

To na gaji da jira. Jirgin da na tsayar da shawara a kansa shi ne na Kaduna zuwa Abuja, kilomita 186, daga tashar Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a Yulin 2016.

Mai gayya mai aiki a wannan tafiya kakana ne. Shi ya hau na Paraku zuwa Kwatano yana saurayi, lokacin da yake zuwa ci-rani, kuma tun ina yaro yake cika min kunne da labarin yadda ake ciniki ta taga a kowace tasha, doya da ayaba na shiga, kuɗi na fita, jirgi na tafiya mai talla na gudu. Shekaranjiya ya zo ya tsaya a ƙofa da sandarsa, ya dubi jakar goyon da na aro wajen abokina, ya ce, "Kai abokina, wannan 'yar zabirar ce guzurin namiji? Mu da taiki muke tafiya." Na ce, "Tsoho, ku jakuna ne ke ɗaukar muku, ni kuwa ni ne jakin kaina." Ya ce ai ya daɗe da sanin haka.

Wasa ne, amma nan gaba ɗaya lissafin yake. Fatake na dā suna da madugu, suna da dabbobi, suna da zango da aka san su. Mai tafiyar ƙaramin ƙarfi a yau bayansa ne abin hawan kayansa, kuma duk abin da ya fi ƙarfin cinyarsa a mota, sai 'yan kamasho sun yi masa kuɗi. Shi ya sa na kafa wa kaina doka ɗaya: jakar da ba zan iya rungume ta a kujera ba, ba za ta bi ni ba. Riga uku, wando biyu, farar shadda ɗaya saboda Juma'a, silifa, sabulu, asuwaki. Darduma mai laushi wadda take naɗewa, ita ce wurin salla, ita ce shimfiɗa in dare ya riske ni a tasha. Ƙaramar buta na ɗaure ta a waje da igiya. Rigar sanyi kuwa sai da muka yi gardama da kaina a kanta, don wata ne na zafi, amma taragun wannan layi na'urar sanyaya ɗaki gare su, kuma jikin da ya saba da ranar Dandi ba ya wasa da irin wannan. Ta shiga.

Takardu suna cikin leda, ledar tana cikin aljihun 'yar ciki, ba cikin jaka ba. Fasfo, katin shaida, katin rigakafin shawara, da hotonsu duka a waya. Dā can mukan ɗauki iyaka kamar ba komai ba, don Kangiwa da Kamba kasuwanninmu ne, akwai aure tsakaninmu, akwai gonaki. Amma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 muka ga yadda ake rufe iyaka a dare ɗaya. Gadar Malanbil ta zama abin kallo, mutane suka koma kwale-kwale. Iyakar Najeriya an sake buɗe ta a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO a Janairun 2025. Saboda haka ba zan bi hanyar babur ta cikin daji ba duk da ta fi kusa kuma ta fi arha. Zan gangara Gaya, in shiga ta Kamba, a buga min hatimi. Mai zuwa cin kasuwa ya dawo da yamma daban, mai nufin zuwa har Abuja daban.

Daga Kamba sai Birnin Kabi, sai Sakkwato, in kwana. Washegari sammako: Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna. Ba tafiyar dare ko da kyauta za a kai ni, kowa ya san halin da wannan hanya take ciki. Shi ma jirgin ban manta da abin da ya same shi ranar 28 ga Maris 2022 ba, da aka tare shi kusa da Kaduna, aka kashe mutane, aka kwashi wasu zuwa daji watanni. Inna ba ta san shekarar ba, amma ta ji a rediyo kuma ba ta manta ba. Da na gaya mata niyyata shiru ta yi, can ta ce, "Ɗan nan, abin da ka gani a waya bai ishe ka ba?" Na ce, "Inna, ki yi min addu'a dai." Jirgin ya dawo aiki a Disamban wannan shekarar da ƙarin tsaro, kuma tun lokacin ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN wajen sayen tikiti, wanda tun 2021 ta intanet ake sayar da shi. Wannan ya sa na ɗora wa ɗan gwaggona da ke zaune a Kaduna sha'anin tikiti tun makonni biyu da suka wuce. A wurinsa kuma zan sauka, kuɗin masauki ya huta.

Kuɗi na kasa uku. Kashi na farko na mota da tikiti. Na biyu na ciki da ƙananan buƙatu. Na uku kuɗin komawa gida ne, na bar shi a sefa, na ba tela ya ɗinke shi a ƙugun wando, kuma na yi wa kaina alkawarin ko tsire ya yi min magana da baki ba zan farke ɗinkin ba. Canji kaɗan-kaɗan zan riƙa yi, don naira ba ta kwana inda ta yini. Ƙananan takardu a aljihun gaba, saboda kada in zaro damin kuɗi a tsakiyar tasha don sayen ruwan leda.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba sai da wani direba ya tuna min: bakin cajar wayarmu irin na Faransa ne, mai ƙafa biyu zagayayyu, na bangon Najeriya kuwa irin na Ingila ne, mai ƙafa uku. Mulkin mallaka ya tafi ya bar mana rigimarsa har a soket. Na sayi mahaɗi, na sayi batirin ajiyar caji, na rubuta lambobin waya biyar a takarda da biro.

Sai guzuri, inda na sha kaye. Ni na tsara garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino da ɗan kilishi, abin da ba ya lalacewa kuma ba ya neman wuta. Inna ta kalla ta ce wannan abincin almajiri ne. Ta soya zabuwa, ta yi dambun nama, ta ƙulla yaji, ta ƙara da gishirin Foga wai tsaraba ga gwaggo, kamar Kaduna ba su da gishiri. Ƙanena ya kawo rake sanda biyu. Raken na mayar masa, zabuwar kuwa ba a mayar wa uwa. Don ta samu wuri sai da na fitar da takalmi sau-ciki da littafi ɗaya cikin biyun da na sa. Na lura duk abin da na cire na burga ne, wanda na so a gan ni da shi a Abuja, kuma ban ji zafin rabuwa da shi yadda na zata ba.

Ba zan ce na ƙi jinin wannan wahala ba. Akwai haushi, gaskiya, mutum ya keta iyaka da jihohi biyar don abin da aka yi wa kakansa alkawari. Amma shirin ya sa na zauna da mutanen da ban saba zama da su ba: direbobi, 'yan canji, dillalan shanu masu zuwa kudu, kowa da abin da ya ƙara min. Wani ya ce in zauna kusa da ƙofa a mota, wani ya ce kul, tsakiya ta fi. Na karɓi duka na yi godiya.

Jiya da dare tsoho ya sake dawowa. Wannan karon bai yi tsiya ba. Ya ce in na hau, in kawo masa takardar tikitin ya gani, don nasa na Paraku gara ta cinye shi a cikin adaka tun ban zo duniya ba. Na ce masa yanzu tikiti a waya yake zuwa. Ya ce shi ba waya ya aike ni ba. Saboda haka na kira Kaduna na ce a buga shi a takarda, na nemi wata ledar na sa a aljihun sama na jaka babu komai a ciki. Motar Gaya jibi ne, bayan sallar asuba.