Kona, Garin da Ake Iyo, a Hau Keke, a Yi Gudu a Wuni Ɗaya

Wannan makon mun yi nisan da ba mu taɓa yi ba, domin mun kai ku tsakiyar tekun Fasifik, inda tsibiran Hawayi suke. Hawayi ita ce jiha ta 50 a Amurka, ta shiga tarayyar ne a 1959. Agogonsu yana bayan namu da awa 11, wato lokacin da ake kiran sallar asuba a Kano, su can ba su daɗe da shiga daren jiya ba. Garin da muka nufa shi ne Kailua-Kona, a gefen yamma na tsibiri mafi girma a cikinsu. A nan ne a watan Oktoba ake taruwa domin gasar duniya ta Ironman, tseren da ya haɗa wasa uku a wuni ɗaya: iyo a teku kilomita 3.8, tuƙa keke kilomita 180, sannan gudun famfalaki kilomita 42.2. In an haɗa, kilomita 226 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. Kuma ana so mutum ya gama cikin awa 17.

Daga Honolulu, babban birnin jihar, jirgi bai cika awa ɗaya ba ya sauke mu a Kona. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙasar wurin. Mun zaci za mu tarar da ciyayi kore shar ko'ina, sai muka tarar da baƙin dutse shimfiɗe har iyakar ganin ido, kamar an zubar da gawayi a fili. Wannan narkakken dutse ne da ya kwararo daga duwatsu masu aman wuta ya daskare. Filin jirgin saman ma a kan wanda dutsen Hualalai ya amayar a 1801 aka gina shi. Can nesa kuma ga Mauna Kea, mai tsayin mita 4,207, wanda wani lokaci ƙanƙara ke rufe kansa alhali a bakin teku ana zufa. A gangaren duwatsun, inda ruwan sama ya fi sauka, akwai gonakin gahawar Kona da ta yi suna a duniya.

Garin kansa ƙarami ne. Babban titinsa, Ali'i, yana bin bakin teku, da shaguna da gidajen abinci a gefe ɗaya, igiyar ruwa tana dukan katanga a ɗaya gefen. Kusa da kwatar jiragen ruwa akwai wurin da Sarki Kamehameha na Farko, wanda ya haɗa tsibiran ƙarƙashin sarauta guda, ya yi shekarunsa na ƙarshe har ya rasu a 1819. A gefen wannan kwata ne 'yan tsere ke shiga ruwa. Ruwan garai-garai yake, har kana hango kifaye masu launi a ƙasa, wani lokaci ma kunkurun teku ya gifta.

Gasar ba a Kona ta faro ba. Asalinta wata gardama ce da aka yi a tsibirin Oahu: tsakanin masu iyo da masu gudu da masu keke, wa ya fi juriya? Wani hafsan sojan ruwa na Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka kawo shawarar a haɗa manyan tsere uku da ake yi a tsibirin su zama ɗaya, a ga wanda zai kai ƙarshe. Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka fara, 12 suka gama. Gordon Haller ne ya zo na ɗaya a awa 11 da minti 46. A 1981 aka mai da gasar Kona, inda hanyoyi suka fi sarari. Yanzu mutum sama da 2,000 ke shiga, kuma galibinsu sai sun yi fice a wata gasar share fage kafin su samu gurbi.

Mun ɗauki mota muka bi hanyar da masu keke ke bi, babban titin Sarauniya Ka'ahumanu, mu ga abin da ke jiransu. Titin ya ratsa filin baƙin dutsen nan, babu inuwa ko ta sisin kwabo. Dutsen yana shan rana ya mayar da zafin sama, ga kuma damshin teku da ke hana zufa bushewa a jiki. Da muka doshi Hawi, ƙauyen da ake juyowa a kusan rabin hanya, titin ya fara hawa, iska kuma ta taso daga gefe da ƙarfin da muka ji motar ma tana girgiza. Mai keke a nan dole ya riƙe kan kekensa da kyau, in ba haka ba ta watsar da shi. Bayan duk wannan ne ake sauka daga keke a ɗaura takalmin gudu. Wurin da 'yan gudu suka fi tsoro shi ne wata harabar binciken makamashi da ke kusa da filin jirgi: a gangara cikinta, a juyo, a hauro, a daidai lokacin da ƙafa ta riga ta gaji.

Kona tana da gwanayenta. Dave Scott da Mark Allen kowannensu ya ci gasar sau 6. Paula Newby-Fraser, wadda aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe ta kuma girma a Afirka ta Kudu, ta ci sau 8. A 2018 Bajamushe Patrick Lange ya zama na farko da ya gama a Kona cikin ƙasa da awa 8. Amma labarin da ya sa duniya ta san gasar na wata ɗaliba ce, Julie Moss, a Fabrairun 1982. Tana kan gaba a cikin mata, saura ƙiris ta kai, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta ta yi na ɗaya. Julie ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a bayanta, kuma aka nuna abin a talabijin.

Sai dai mu ba gwanayen ne suka fi ɗaukar hankalinmu ba. Mafi yawan waɗanda muka gani a titin Ali'i, suna tura kekunansu ko suna gudun motsa jiki da safe, ba da wasa suke cin abinci ba. Malaman makaranta ne, da likitoci, da ma'aikatan ofis, da iyaye masu 'ya'ya ƙanana. Ana raba su rukuni-rukuni bisa shekarunsu. Tambayar da muka riƙa yi musu ita ce: ina kuke samun lokaci?

Wata ma'aikaciyar jinya, uwar yara biyu, ta buɗe mana littafin da take rubuta atisayenta. Ta fara da lissafi: mako yana da awa 168. In aka cire awa 56 na barci da awa 45 na aiki da zirga-zirgarsa, saura 67. A cikinsu ne za a yi girki da wanki da kula da yara da ziyarar dangi, a kuma tsame lokacin atisaye. Makonta na tsakiyar shiri kamar haka yake. Litinin hutu ce, ba ta taɓa komai. Talata iyo na awa 1 kafin gari ya waye, da gudun minti 45 da yamma. Laraba awa 1 da rabi a kan keken da ta kafe a ɗaki, bayan yara sun kwanta. Alhamis iyo awa 1, gudu awa 1. Juma'a iyo awa 1. Asabar ce babbar rana: keke awa 5, tana sauka ta yi gudun minti 30. Lahadi gudu awa 2. Jimilla kusan awa 14. Haka take yi wata da watanni kafin ranar gasa.

Akwai hikima a cikin wannan tsari, kuma mun ji irinta a bakin mutane da dama. Ta farko, ba a ƙara nauyi farat ɗaya. Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan na mako uku, a sassauta a mako na huɗu, domin jiki ba a lokacin wahala yake ƙara ƙarfi ba, sai a lokacin hutun da ya biyo bayanta. Wanda ya yi gaggawa yakan ƙare da ciwon gwiwa ko tsagewar ƙashin ƙauri. Ta biyu, mafi yawan atisayen a hankali ake yin sa, da saurin da mutum zai iya hira da abokinsa yana gudu; kaɗan ne ake yi da ƙarfi. Ta uku, gudun nan da ake yi da zarar an sauka daga keke yana koya wa ƙafa ta saba da sauyin, don in ba ta saba ba sai mutum ya ji kamar an ɗaura masa turmi. Ta huɗu, ana koyon ci da sha ana cikin tafiya. Jiki ba zai iya ajiye abincin da zai ishe shi awa 12 ko fiye ba, don haka ana cin abu mai zaƙi kaɗan-kaɗan a hanya. Ruwa ma da ƙa'idarsa: zufa tana fita da gishiri, wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla ba tare da mayar da gishirin ba yana iya shiga haɗari kamar wanda bai sha ba. Ta biyar, masu zuwa daga ƙasashen sanyi sukan iso da wuri ko su yi atisaye cikin zafi a gida, domin jiki na bukatar kamar mako biyu kafin ya saba.

Ba su ɓoye mana abin da shirin ke ci ba. Wani malamin lissafi ya ce ya daina kallon talabijin da dare, ƙarfe tara ya kwanta don ya tashi ƙarfe huɗu da rabi. Yana shirya kayan atisayensa tun daren, kuma da kekensa yake zuwa makaranta don tafiyar ta shiga lissafi. Kafin ya yi rajista sai da ya zauna da iyalinsa suka amince, domin safiyar Asabar ɗin da yake kan keke, wani ne ke ɗauke da hidimar gida. Ranar da yaro ba shi da lafiya ko aiki ya yi yawa, yakan bar atisayen ranar ya wuce, kuma ba ya ninka na gobe don ramuwa. Kuɗi ma na tafiya sosai: keken tsere, rajista, jirgi da masauki. Akwai waɗanda suka shekara suna tari kafin su zo.

Wasu daga cikin manyan ma daga nan suka taso. Chrissie Wellington ta Birtaniya ma'aikaciyar gwamnati ce, tana atisaye kafin aiki da bayansa. Sai a 2007 ta bar ofis ta koma wasa gaba ɗaya, kuma a wannan shekarar, tana da shekara 30, ta ci Kona a zuwanta na farko. Ta ci sau 4 kafin ta ajiye. Shekaru ma ba su hana wasu ba: Hiromu Inada na Japan ya gama gasar a 2018 yana da shekara 85, 'yan mintoci kafin lokaci ya cika.

Ranar gasa tun duhun asuba garin ya cika. Aka buga igwa, ruwa ya kaɗe da hannuwa kamar an watsa wa kifi abinci. Gwanaye suka gama da rana tsaka-tsaki zuwa la'asar. Amma taron bai watse ba. Mutane suka tsaya a titin Ali'i har wajen tsakar dare, suna tafi suna buga allunan gefen hanya, suna jiran waɗanda suka rage a cikin duhu. Wasu suna shigowa da ɗingishi, wasu da hawaye. Al'ada ce waɗanda suka zo na ɗaya su dawo bakin layi su tarbi na ƙarshe. Akwai kuma waɗanda lokaci ya cika musu suna hanya, bayan shiri na wata shida ko fiye. Su ma an tafa musu, amma ba a rubuta sunansu cikin waɗanda suka gama ba.

Ba mu ce ku nemi keken tsere ba, gasar ma ba ta karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Kuma kada wani ya karanta wannan ya faɗa kududdufi ko kogi da sunan koyon iyo. Iyo a wurin da aka tanada ake koyonsa, gaban wanda ya iya ceto. Abin da za ku iya ɗauka daga Kona shi ne lissafin nan na awa 168. Ku ma kuna da naku wasa uku: boko, Islamiyya, da aikin gida ko na kasuwa, ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB na tafe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A daren yau ku ɗauki takarda, ku cire awannin barci da na makaranta da na aike, ku ga abin da ya rage. Ku ba darasin da ya fi ba ku wuya lokacin da kanku ya fi sarari, ko da minti 40 ne kullum, ku bar rana ɗaya ta hutu, ku kuma nuna wa iyayenku jadawalin don su san lokacin da ba za a aike ku ba. Wanda ya gwada na mako huɗu ya rubuto mana yadda ta kaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.