Sunan Keke da Asalinsa

Mai sayen keken tsere yakan ruɗu da sunan kamfanin da aka rubuta a jikin firam, ya zaci a ƙasar kamfanin aka ƙera shi. Alhali kuwa galibin firam ɗin alminiyom, har da masu sunayen Turai da Amurka, a Taiwan ko Sin ake ƙera su. Shi ya sa ƙwararren mai gyaran keke ba ya kula da ƙyallin fenti. Yakan kanga maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne. Sannan ya bi walda da ido, yana neman tsaga a gefenta, domin nan alminiyom ke fara gajiya. Firam mai tsaga kan karye mahayi na tsakar gudu.