Ranar da na zauna a kan tafki ina jiran kifi

Mai karatu, idan ɗanka da ke ƙasar waje ya ce zai kai ka kamun kifi a tsakiyar hunturu, ka fara tambayarsa nisan wurin daga ƙasa kafin ka tambayi girman kifin. Ni ban tambaya ba.

Ziyara na kai wa ɗana a Denver, jihar Kolorado ta Amurka, a watan Janairu. Ranar Asabar ya ce, "Baba, yau za ka taka ruwa da ƙafarka." Muka kama babbar hanyar I-70 zuwa tafkin Georgetown, tafiyar kamar awa ɗaya, har da jikana ɗan shekara tara. Hanyar yawanci hawa ce, kuma a lokacin sanyi doka ta wajabta tayoyin da ke riƙe dusar ƙanƙara, ko a ɗaura musu sarƙa. Denver tana kan tudu mai tsayin mita 1,600, tafkin kuwa kusan mita 2,600.

Ka san tafki da kwale-kwale da taru. Wannan ya daskare ƙam, mutane na zaune a kansa bisa bokitai kamar masu jiran layin famfo. Ɗana ya huda ƙanƙarar da wani dogon ƙarfe mai murɗiya, ya auna kaurinta. Ƙa'idarsu ita ce sai ƙanƙara garau ta kai santimita 10 kafin mutum ya taka. Fara mai haɗe da dusa ba ta kai ta ƙarfi ba. Muka sa koto a ƙugiya, muka zura ta ramin da bai fi faɗin faranti ba. Kifin da ake nema, tirawut, ruwan sanyi yake so, don haka yana nan a ƙasa yana yawonsa.

Tun daga mota nake haki, kaina na sarawa. Na yi shiru. Ina da hawan jini, na san ya kamata in yi magana, amma wane kaka ne zai ce ya gaji alhali jika na tsalle a gabansa? A irin wannan tudu iskar da kake shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar a gida, sanyi kuma yana matse jijiyoyin jini. Ga shi na cire safar hannu don gyara ƙugiya, na bar ta a cire. Yatsuna suka daina zafi, na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Jikana ne ya tona ni. "Kaka, yatsunka sun yi fari!" Nan take ɗana ya naɗe kaya. Na so in murza su, ya hana. Na so in kara su a hitar mota, ya sake hanawa, ya ce fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa ba ka sani ba. A hammata na cusa su har muka sauko, a gida kuma aka sa su a ruwa mai ɗumi kaɗan. Da jini ya dawo, na ji raɗaɗin da ban taɓa ji ba. Ciwon kan ma sai da muka gangaro ya sake ni.

Kifi ɗaya muka samu, mai jan zane a gefe, kuma yaron ne ya kama shi. Har yau in ya kira waya, sai ya tambaye ni ko yatsun nawa na nan goma.