Ƙauyen da Aka Zana da Fensir

Dattijon da na yi haya a gidansa lokacin da nake karatu a Ingila yana da wata al'ada da ba ta tashi. Duk daren Alhamis, da an kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, abokansa huɗu za su iso, kowa furfura ta fara cin kansa. Shi kuma ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da wani tsohon kwali ruwan toka, ya zaro takarda a ninke, ya shiga warware ta a hankali kamar mai buɗe zanen gado. Kafin ya gama ta cinye rabin teburin, sai an janye kofunan shayi gefe.

Taswira ce, amma ta ƙasar da babu ita a doron duniya.

Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa da jarumin da yake magana da bakinsa, idan an zo wurin sa'a ko rashinta a jefa 'ya'yan lido, har da wani mai fuska 20. Ni dai wasan bai taɓa shiga raina sosai ba. Takardar ce ta ɗauke mini hankali.

Duk inda ninki ya bi, launi ya koɗe ya zama farin layi, ta yadda wata hanya da ba mai zane ne ya sa ta ba ta ratsa teku da duwatsu a miƙe. An liƙe mahaɗar ninki biyu da salatif ta baya, shi ma ya tsufa ya yi ja. Gindin kofi ya bar zobe a tsakiyar wani daji. A can kudu kuma, cikin wani makeken filin ciyawa da ake kira Shaar, inda masu bugawa suka bar wuri fayau, akwai ɗan ɗigo na fensir da suna a gefensa cikin ƙananan haruffa. Ƙauye ne da su biyar ɗin suka ƙirƙira tun suna samari. Sun san mai masaukin baƙin garin, sun san rijiyar da ta ƙafe, sun san wanda ya ci amanar wani a can shekara talatin da suka wuce, kuma har yanzu ba a yafe masa ba.

Duniyar sunanta Forgotten Realms. Wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, ma'aikacin laburare, ya fara ƙirƙirarta tun yana yaro don labaran da yake rubutawa. Kamfanin TSR ya saye ta, ya fitar da ita a 1987 cikin wannan kwali ruwan toka. Taswirorin ciki iri biyu ne: wasu inci ɗaya mil 90, wasu inci ɗaya mil 30. An haɗo da wata leda garai-garai mai zanen gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, a ɗora ta kan taswira a ƙirga zango nawa ne daga birni zuwa birni. Irin gidajen zuman nan akwai su a taswirar da ta riga ta, ta duniyar Greyhawk, wadda wata mai zane da ke sa hannu da suna Darlene ta yi a 1980. Falle biyu ce, idan an haɗa ta kai inci 34 da 44, kowane gida mil 30, sunayen ƙasashe kuma da hannu ta rubuta su. Har yau masu wasan suna maganarta kamar yadda ake maganar tsohuwar babbar riga mai aska takwas.

Abin dariya, ko bugun farkon da dattijona ke ji da shi ba tsantsar zanen Greenwood ba ne. An cire tsibiran Moonshae nasa an sa na marubuci Douglas Niles, saboda littafinsa na labari ya riga ya kammala. An kuma janye wani ƙaton malalen ƙanƙara baya don a samar wa ƙasashen Vaasa da Damara wurin zama. Tun ran gini aka fara faci. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce ya sani, ya ci gaba da shan shayinsa.

Duk lokacin da aka sake dokokin wasan, sai an taɓa duniyar. A 1989 labari aka kawo: alloli sun faɗo ƙasa suna yawo cikin mutane, wasu sun mutu. Wannan bai dami dattijona ba, tunda duwatsu na nan inda suke. Sauyin 2001 ne ya tsaya masa a rai, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997. Sabuwar taswirar ta fi kyau nesa ba kusa ba, kuma falle ɗaya ce. Sai dai don nahiyar ta shiga fallen, an matse ta, an rage filayen da ba kowa, musamman ta kudu. Ba girgizar ƙasa, ba annoba, ba wanda ya ce uffan a cikin labari. Gari ya waye kawai tafiya ta ragu.

Mu ma mun san tsufan taswira. Akwai azuzuwan firamare da taswirar Nijeriya mai jihar Gongola ta daɗe a bango bayan an raba jihar a 1991. Amma ranar da aka raba ta, nisan Yola da Jalingo bai ragu da taku ɗaya ba; layi aka ja, ƙasa na nan. A nan kuwa ƙasar ce da kanta aka sa wa almakashi.

Wata Alhamis ya shimfiɗa mini tsohuwar da sabuwar gefe da gefe, ya ɗora yatsa a kan kowace. "Duba nan," in ji shi. "Mun yi wata uku muna ratsa filin nan, dokinmu biyu suka mutu. Yanzu an ce mini rabin hanyar ba ta taɓa wanzuwa ba. To ina dawakan suka mutu?"

Na fahimci hujjar kamfanin. Wurin da ba birni ba kango, ba abin da za a rubuta littafi a kansa a sayar. Amma a ganina sun karanta fili a baibai. Mai sayen taswirar nan ba ɗan yawon buɗe ido ba ne da ke son a nuna masa komai. Manomi ne mai neman saura. Inda aka cika da sunaye, na Greenwood ne da ma'aikatan kamfani. Inda aka bari fari, nan mai fensir ke kafa bukkarsa.

Sauyin 2008 kuwa ba a ɓoye ba, da ganga da kakaki aka zo. Aka ce wata annobar sihiri ta auka wa duniyar, aka tura kalandarta gaba kusan shekara ɗari, zuwa 1479 a lissafinsu. Chult, wadda ruwa ya kewaye ta gefe uku, ta yanke ta zama tsibiri. Ƙasar Halruaa ta hallaka. Nahiyar Maztica ta ɓace ɗungurum, wata ta maye gurbinta. Ruwan babban tekun tsakiya ya ja baya. A yankin Shaar ƙasa ta rufta, aka sami wani rami mai faɗin ƙasa guda. Dattijona ya auna da ledarsa ya ga ƙauyensu ko dai yana bakin ramin ko yana cikinsa, ya danganta da taswirar da ka yarda da ita. Jama'a da yawa suka yi tsaki, kuma da bugu na biyar ya fito a 2014 sai kamfanin ya shiga mayar da abubuwa: ƙasashen da suka ɓace suka dawo, a wani littafi na 2017 Chult ta sake manne wa nahiya kamar ba abin da ya faru.

Yana da duk bugunan, jere a kanta, wasu ko ninkinsu bai saki ba. Yakan saya, ya buɗe sau ɗaya, ya yaba launi, ya mayar. Daren Alhamis kuwa ruwan tokar ake saukowa da shi.

Makon da zan bar gidan na tarar da shi da rana shi kaɗai, tabarau a karan hanci, yana feƙe fensir. Sunan ƙauyen ya dusashe har ba ya karantuwa, yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya yana maimaita su. Da ya gama ya hure ƙurar, ya ce in kama masa wancan gefen mu ninke, kuma in bi tsohon layin, kada in yi sabo.