Kinder Scout: Tsaunin da Aka Taɓa Ɗaure Mutane Saboda Hawansa

Daga tashar Piccadilly ta Manchesta zuwa ƙauyen Edale tafiyar kamar minti 45 ce a jirgin ƙasa, amma na san 'yan uwanmu da suka shekara goma a birnin ba su taɓa leƙa wajen ba. Daga wurin aiki sai gida, sai kantin cefane. Can ƙungiyarmu ta masu hawan tsauni ta zaɓa don fitar farko bayan hunturu, wata Asabar a ƙarshen Afrilu. Mu goma sha tara ne, Hausawa huɗu, sauran Turawa da 'yan Pakistan.

Kada kalmar bazara ta ruɗe ka. Tamu ta gida zafi ce mai gasa mutum, ta nan kuwa ka fito da rana, kafin azahar kana kakkarwa. Abin da ke nuna ta shigo shi ne 'yan raguna sabbin haihuwa da suka cika filayen kwarin, kowace uwa da shafin fenti a baya, alamar mai ita. Saboda su, da tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, doka ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli duk mai kare ya riƙe shi da igiya a irin waɗannan filaye.

Muna ratsa gona ta uku wani dattijo ɗan Damagaram, wanda ranar ce fitarsa ta farko, ya ja hannuna. "Malam, gonar wa muke takawa haka? Kada fa a kira mana 'yan sanda." Ban yi masa dariya ba. Baƙon da ya sha wahalar takardu ba ya son ko inuwarsa ta faɗa gonar wani. Na nuna masa kibiyar da ke jikin ƙofar katako: hanyar jama'a ce, kamar burtali a wurinmu, sai dai wannan tana cikin taswirar hukuma, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ta. Kai dai ka bar ƙofa yadda ka same ta.

Bayan Upper Booth aka zo matakalar duwatsun da ake kira Jacob's Ladder, nan hira ta mutu. Wata Hajiya ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta dafa gwiwa ta ce, "Yanzu kuɗin jirgi na biya don in zo in sha wannan wahalar?" Ta dai hau.

Kinder Scout mita 636 ne kacal. Tsaunukan Shere na Jos sun fi shi nesa ba kusa ba. Ba shi da tsini ma, samansa shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, ruɓaɓɓun tsirrai na dubban shekaru, wadda ke iya haɗiye ƙafa har ƙauri. A bayan wani dutse muka fake muka buɗe guzuri, jagorarmu, Baturiya mai furfura, ta ba mu tarihin wurin.

Ranar 24 ga Afrilu 1932, ma'aikata ɗaruruwa, akasari matasan Manchesta, suka taso daga Hayfield suka hau tsaunin da gangan ba da izini ba. A lokacin masu ƙasa sun keɓe shi don harbin tsuntsaye, sun zuba masu gadi da sanduna. Aka yi ba-ta-kashi, aka ɗaure mutum biyar daga wata biyu zuwa shida, cikinsu har da jagoransu Benny Rothman, ɗan shekara 20. A 1951 yankin Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, dokar da ta buɗe irin waɗannan tsaunuka ga kowa kuwa sai a 2000 aka yi ta. Har yau abin da ta shafa bai wuce kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba. Dattijon nan ya yi shiru, can ya ce, "Ashe su ma an hana su." Abin da ya tsaya mini ke nan: Rothman ɗan baƙi ne, iyayensa Yahudawa daga Romaniya.

Mun ƙarasa Kinder Downfall, inda ruwa ke zubowa daga tsawon mita 30. Ran nan iskar yamma ta yi ƙarfi har tana mayar da shi sama, yana feso mana a fuska. Ba a jima ba hazo ya rufe, na gabanka ma da kyar kake gani. Jagora ta ƙirga mu, ta fito da taswira da kamfas, ta ce a juya ta hanyar da aka zo. Samari biyu suka yi gunaguni, ba ta ko kalle su ba. Ni dai na ga ta yi daidai, don a filin nan kowace kusurwa iri ɗaya ce, ga waya ba ta samun sabis ko'ina.

Wajen ƙarfe biyar muka iso Edale, taɓo har gwiwa. Hajiya ta cire takalmi a dandamalin tasha tana duba ƙafa, tana tambayar jagora nawa ake sayar da irin nata mai hana ruwa shiga, kuma ina za a je a watan Mayu.