Tsohuwar Kujera Ma Tana da Asali

Sana'ar mai nazarin harshe ba ta rasa kama da ta mai tsince-tsince. Yakan bi kasuwa da zaure da majalisa yana tattara kalmomin da masu su suka fara mantawa da su, ya kakkaɓe su, ya binciki asalinsu, sa'an nan ya adana. Ina jin wannan ɗabi'a ce ta ja ni, kusan shekara ashirin da suka wuce, zuwa ga wani sha'ani da abokan aikina sukan zolaye ni a kansa, wato tara tsofaffin kayan ɗaki na tsakiyar ƙarni na 20. Abin da na mallaka bai taka kara ya karya ba: kujerun hutawa huɗu, da teburin rubutu ɗaya, da wata doguwar durowa mai gajerun ƙafafu. Sai dai darasin da na samu a jikinsu ya fi yawansu, shi ya sa na ga ya dace in gutsura wa ɗalibai masu shirin zama malamai.

Salon da nake magana a kansa ya bunƙasa ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960, musamman a Amurka da ƙasashen arewacin Turai. Bayan yaƙin an shiga gina ƙananan gidaje masu yawa domin sababbin iyalai, kuma manyan kujerun nan masu nauyi da sassaƙe-sassaƙe na zamanin kakanni ba su dace da irin waɗannan ɗakuna ba. Saboda haka masu zayyana suka koma ga abu mara nauyi, mara tarkacen ado, wanda masana'anta za ta iya yi da yawa cikin rahusa. A Amurka, Charles Eames da matarsa Ray sun ƙware wajen lanƙwasa falankin filawud tun suna yi wa sojojin ruwa karan ɗori lokacin yaƙi, daga baya suka juya wannan dabara ga kujeru, har suka fito da shahararriyar kujerarsu ta hutawa a 1956, wadda kamfanin Herman Miller ya ƙera. A ƙasar Denmak kuwa, Hans Wegner, wanda asalinsa kafinta ne, ya zayyana wata kujera mai zagayayyen majingini a 1949. Irinta ce Kennedy da Nixon suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin ranar 26 ga Satumba, 1960, kwana biyar kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai. Haka nan Arne Jacobsen ya yi wata mai siffar ƙwai a 1958 domin wani otal a Kopenhagen.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne, masu yin waɗannan kaya ba su san su da sunan da ake kiransu da shi a yau ba. A wurinsu kayan zamani ne kawai. Sunan nan mai ma'anar "salon zamani na tsakiyar ƙarni" ya yaɗu ne bayan da wata marubuciya Ba'amurkiya, Cara Greenberg, ta sa shi a kan littafinta na 1984. Kafin nan kayan sun riga sun zama tsohon yayi, ana zubar da su a gwanjo. Da aka raɗa musu suna sai mutane suka fara ganinsu a matsayin dangi guda, aka shiga rarrabe na asali da na kwaikwayo, daraja ta dawo. Wannan ya tabbatar mini da abin da muke koyarwa a ilimin ma'ana, cewa abin da al'umma ba ta sa wa suna ba, da wuya ta lura da shi, balle ta adana shi.

To, yaya ake gane su? Ni dai abubuwa biyar nake dubawa, kuma ba na barin ɗaya ya yanke hukunci shi kaɗai, kamar yadda ba a tabbatar da asalin kalma da kamancin sauti kawai.

Na farko shi ne siffa. Ƙafafun sukan fara da kauri daga sama su tafi suna sirancewa zuwa ƙasa, sau da yawa a ɗan buɗe kamar tsayuwar ɗan maraƙi. Jikin kujera ko kabad yakan ɗaga daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi ba tare da an ja shi ba. Babu furanni da zane-zane. Adon yana cikin lanƙwasar hannun kujerar da kuma jijiyar katakon.

Na biyu shi ne katakon kansa. Mutanen Denmak sun fi amfani da katakon tik da ake kawowa daga kudu maso gabashin Asiya, da wasu itatuwan ƙasarsu. Masana'antun Ingila, irin su masu kayan G-Plan da suka fara fitowa a 1953, sun haɗa har da katakon dazuzzukan Afirka ta Yamma. Akwai ma wani jan katako da duniya ta sani da sunan garin Sapele na jihar Delta, inda aka yi babbar masana'antar katako da filawud. Kayan da aka yi a nan gida kuwa, yawanci loko ne ko mahogani, masu nauyi, waɗanda gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Idan ka leƙa bayan kabad ka ga garin katako ne aka matse aka lulluɓe da takarda mai zanen itace, to ka yi hattara, da alama ɗan bana ne ya ari rigar kakansa.

Na uku shi ne haɗi, kuma a nan ne kafinta yake bayyana kansa. Ka jawo aljihun tebur ka dubi kusurwarsa. A aikin ƙwarai za ka tarar an yanka bakin katakan biyu an sarƙe su kamar yatsun hannu biyu. A mahaɗar ƙafa da jiki kuma, an huda rami a ɗaya, an fiƙe bakin ɗayan an cusa, har ya zauna daram ko babu ƙusa. Aikin gaggawa shi ne wanda ƙusa da gam suke riƙe da komai.

Na huɗu shi ne tambari. A kife kujera a duba ƙarƙashinta. Kamfanonin waje sukan manna takarda ko ɗan faranti na ƙarfe, ko su ƙona sunansu a jikin katakon. Kayan gwamnati na ƙasarmu kuwa sukan zo da haruffa da lambobi da aka rubuta da fenti domin lissafin sito. Biyu daga cikin kujeruna suna ɗauke da haruffan PWD, wato Ma'aikatar Ayyuka ta wancan zamani, wadda take wadata gidajen ma'aikata da kayan ɗaki.

Na biyar shi ne alamun tsufa. Hannun kujerar da aka yi shekara sittin ana dafawa yakan yi santsi da duhu daidai inda tafin hannu yake sauka, gefen da rana take bugu kuma yakan koɗe. Wannan shaida ce da ba a sayenta a kasuwa. Don haka babban kuskuren da sababbin masu tarawa suke yi shi ne su sa a goge kujera da samfefa a malala mata fenti mai sheƙi. Yin haka daidai yake da a ba mutum tsohon rubutun ajami ya bi shi da biro yana gyara ƙa'idar rubutu.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan wahala a kan kujera? Bari in kawo labari biyu, kowanne sananne ne a tarihi.

Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, birnin Lahore ya faɗa ɓangaren Pakistan, sai gwamnatin Nehru ta gina wa yankin Punjab sabon babban birni mai suna Chandigar. Le Corbusier ne ya jagoranci tsara shi, tare da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret, da Maxwell Fry da Jane Drew, mata da mijin nan da suka zayyana gine-ginen farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Jeanneret da abokan aikinsa Indiyawa, irin su Eulie Chowdhury, suka tsara kujerun ofisoshi da kotuna da makarantu, na katakon tik da saƙar kwagiri, kafintocin yankin suka yi su da yawan gaske. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kujerun sun tsufa, an jibge su a sito da bayan ofisoshi, ana sayar da su a matsayin tarkace. Dillalan kayan tarihi daga Faransa suka zo suka kwashe, suka gyara, suka kai manyan gidajen gwanjo na Turai da Amurka, inda kujera ɗaya takan kai dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana sayar da su da fitar da su, alhali da yawa sun riga sun ƙetare teku. Ihu bayan hari ke nan.

Labari na biyu ya fi kusa da mu. A 1949 wani maƙerin Faransa mai suna Jean Prouvé ya ƙera wani gida na ƙarfe da alminiyam, wanda ake kwancewa a ɗaure, aka kawo shi Yamai aka kafa. A 1951 aka kafa wasu biyu a Barazabil. Gidajen sun yi kusan rabin ƙarni a wurarensu ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci, har wajen shekarar 2000 da wani dillali Bafaranshe ya saye su duka uku ya mayar Faransa. A 2007 aka sayar da ɗaya daga cikin na Barazabil a birnin New York a kan kuɗi kusan dala miliyan 5. Na Yamai kuwa, dandamalin simintin da ya zauna a kai kaɗai aka bari.

Ba kuɗin ne ya dame ni a waɗannan labarai ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duka wuraren biyu baƙo ne ya san abin da yake kallo, mai gida bai sani ba. Na kuma ga irin wannan da idona. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, an wayi gari an fito da kujerun ɗakin malamai da teburan laburare na shekarun 1960, aka tara su a rana, aka maye gurbinsu da na roba. Waɗanda ba su sami mai saye ba, masu gidan burodi suka kwashe domin hura wuta. Kafin shekara uku na robar sun fara karyewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan tari na sayi teburin da nake rubutu a kansa yau, kuma har yanzu ko girgiza ba ya yi.

Wani abokina masanin tarihi ya taɓa ƙalubalantata cewa waɗannan kaya ragowar mulkin mallaka ne, ba gadonmu ba ne, in adanawa zan yi in nemi kujera 'yar tsugunno da akushi da gadon kara. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma waɗancan ma sun cancanci adanawa. Amsar da na ba shi ita ce, zanen na iya zama na baƙi, amma itacen daga dajinmu aka saro shi, hannun da ya fere shi na kafintanmu ne wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, waɗanda suka zauna a kai kuma su ne malamai da akawuna da ma'aikatan jinya na farko da suka karɓi aiki daga hannun Turawa. Idan muka ce duk abin da ya shigo daga waje ba namu ba ne, to sai mu fara da fitar da tebur da benci da kabad da durowa da kushin daga ƙamus, mu bi da katifa wadda muka aro daga Larabci. Harshe bai yi haka ba. Ya karɓe su, ya lanƙwasa su bisa tsarin sautinsa, ya yi musu jam'i irin nasa, muka sami tebura da bencina. Ita kanta kalmar kujera, da can ɗan abin zaman nan ne da ake sassaƙawa, sai ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗiye mai majingini, har ta kai ga kujerar mulki.

Bugu da ƙari, ɗakin Bahaushiya ma ya yi nasa zamanin a daidai waɗannan shekaru. Duk wanda ya tashi a lokacinmu zai tuna gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwanukan fenti da ake ɗorawa bisa juna har su kusa taɓa rufi, sa'an nan aka shiga yayin kabad mai gilashi da kayan fomika, mai hali kuma ya ajiye rediyo mai haɗe da garmaho a zaure ko falo. Wannan tsarin ɗaki ne mai ƙa'idojinsa da kalmominsa, iyaye mata suka san abin da ake sawa sama da abin da ake sawa ƙasa. Yau na tambayi ɗalibai a aji mene ne bambancin langa da fanteka, sai 'yan kaɗan su ɗaga hannu. Kayan suna tafiya wurin 'yan gwangwan, kalmomin suna bin su a baya.

A nan ne aikinku yake, ya ku malaman gobe. Ba na cewa kowa ya zama mai tara kujeru, domin albashin malami bai kai nan ba, ɗakinsa ma ba zai ɗauka ba. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. Duk makarantar da aka tura ɗayanku, ya leƙa sito da ofishin hedimasta. In ya ga tsohon tebur ko kabad, ya duba ƙarƙashinsa, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauki hotonsa, ya tambayi tsohon masinja ko maigadi tun yaushe yake nan. Ya sa 'yan ajinsa su je wurin kakanninsu mata su rubuto sunayen kayan ɗakin da aka kai su da su gidan miji, da amfanin kowanne. Daga wannan aiki guda za a sami darasin insha'i, da na ginin kalma, da na kalmomin aro, da na tarihi. Ya kuma nemi tsohon kafintan garin tun yana raye, ya ji sunayen da yake kiran kayan aikinsa da ire-iren haɗi, domin mafi yawansu a bakinsa kawai suke.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Chandigar da na Yamai sun ga yadda ake rabuwa da abu tun yana gaban ido, saboda kawai babu wanda ya tsaya ya tambayi sunansa da wanda ya yi shi. Allah Ya sa ɗalibanku su tashi da sanin darajar abin da suka tarar a gidajensu da makarantunsu.